Yadda za ka kare hannunka wajen gugar aska da yin aski

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi aska irin mai naɗewa tare da fatar da ake goga ta, don in riƙa yi wa kaina gyaran fuska, in na ƙware kuma in yi wa wasu. Ban yi sati biyu ba na yanke babban yatsana na hagu wajen guga, fatar ma duk na sassare ta. Yaya ku wanzamai kuke yi ba ku yanke hannu? Ko dai in haƙura in koma wa reza?

Amsa: Sannu ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Kafin komai, duba yatsan nan. Lanƙwasa shi ka miƙe shi, gaɓa bayan gaɓa, sannan ka shafa gefensa biyu da auduga ka ji ko jin ya yi daidai da na ɗaya hannun. In yana motsi yadda ya saba, kuma babu inda ya mutu, to fata ce kawai, za ta warke. In akwai gaɓar da ta ƙi lanƙwasuwa, ko gefen da ba ka ji, ka nufi asibiti yau ɗin nan. Zan faɗi dalili a gaba.

Ba sai ka koma wa reza ba. Amma ka lura da abu guda a cikin maganarka: hannun hagu ka yanke, ba na dama ba. Haka abin yake kusan kullum. Hannun da ya riƙe aska ba kasafai yake jin ciwo ba, domin yana bayan kaifi. Wanda ke shan wuya shi ne ɗayan, mai riƙe fata, mai jan kunci, mai share kumfa, mai laluben zabira. Mai koyo idonsa na kan aska, sai ya manta yana da wani hannun. Abin da ya kamata a fara cusa wa yaro a wanzanci, tun kafin a bar shi ya taɓa kan mutum, shi ne ya san inda hannunsa na hagu yake a kowane lokaci, ya kuma san cewa wurin zamansa bayan aska ne, ba gaban bakinta ba. In kai bahago ne sai ka juya maganar.

Aska tana yanka ta hanya biyu. Ko dai bakin ya tafi gaba ya tarar da nama a kan hanyarsa, ko kuma ya zame a tsawonsa, kamar yadda mahauci ke jan wuƙa a kan tsoka. Na biyun ya fi muni, don ba ya bukatar ƙarfi ko kaɗan. Za ka iya ɗora baki mai kaifi a kan fatarka ya zauna bai yi komai ba, amma da ya gusa gefe, ko da ɗan kaɗan ne, ya buɗe ta. Sau da yawa ma ba za ka ji zafi nan take ba, jini za ka fara gani. Duk abin da zan faɗa maka daga nan, a kan hana waɗannan biyun ne.

Mu fara da fata, tunda a nan ka ji ciwo. Mutane da yawa sun ɗauka gugar fata washi ne, sai su danna su yi ta sauri suna jiran ta ci ƙarfe. Dutse ne ke cin ƙarfe. Bakin aska siriri ne ƙwarai, har gashin gemu ma yana ɗan karkatar da shi ta yadda ido ba ya gani. Aikin fata shi ne ta miƙar da shi, ta goge shi, ta kwashe ɗan dattin da ya maƙale. Wannan ba ya son ƙarfi, nauyin askar kanta ya isa. Duk dannawar da ka ƙara, bakin kake lanƙwasawa, kuma kana tara ƙarfin da in aska ta zame, da shi za ta shige ka. Sannan tafiyar ma ta bambanta. A kan dutse baki ne ke gaba. A kan fata kuwa baya ne ke gaba, baki na biye da shi, a kwance, baya da baki duk suna taɓa fata lokaci guda. Wanda ya saba wasa wuƙa a dutse hannunsa kan koma wa tsohuwar al'ada ba tare da ya sani ba, shi ya sa mahauta da masu suya sukan fi kowa sare fata a kwanakin farko.

In ka kai ƙarshen fata, kada ka ɗaga aska, kada kuma ka juya ta a kan bakinta. Bayanta ya zauna a kan fata, ka mirgina ta a kansa da babban yatsa da manuniya, wuyan hannunka yana nan inda yake. Baki ya tashi sama, ya zagayo, ya sauka a ɗaya gefen.

To, ga inda yatsanka ya gamu da ita, ko ban gani ba. Lokacin da kake jawo aska zuwa wajenka, bayanta ne ke fuskantar hannun da ya riƙe fata, babu wani haɗari. Amma da ka zo kusa ka mirgina ta, bakin ya zagayo ya sauka yana kallon babban yatsanka na hagu. In a daidai wannan lokacin hannunka na dama bai gama tahowar da yake yi ba, ko da rabin inci ya rage, to baki ya zama shi ne a gaba. Abin da ya fara samu shi zai ci. In fata ce ta sare, in yatsa ne ya yanke. Ɗauko fatarka ka duba, za ka ga saran sun taru a ƙarshe biyu, tsakiyar kuwa lafiya lau. Saboda haka ka raba motsin gida uku a ranka: ka tsaya cak, ka mirgina, sannan ka fara komawa tun kafin baki ya sauka a kan fata, yadda zai sauka ne yana biye. Kada ka kai aska har gindin hannunka. Bar tazarar yatsu huɗu tsakanin inda kake juyawa da inda ka riƙe. Babban yatsa kuma kada ya hau saman fata. In fatar tana da mariƙi ko zobe, nan za ka kama. In ba ta da shi, naɗe ƙarshenta ka damƙe ta ƙasa, yatsunka duka suna ɓoye a ƙarƙashi.

Inda ka rataya fatar ma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Na ga masu maƙala ta a hannun ƙofa, wani ya turo ƙofar daga waje, fata ta saki, aska ta yi tsalle. Na ga masu ɗaura ta a ƙusar da ke girgiɗi a bangon ƙasa. Nemi ƙugiya ko ƙarfen taga mai ƙwari, daidai tsayin cibiyarka ko ƙasa kaɗan, ka finciki fatar da ƙarfi sau biyu tun aska na rufe. In za ta tsinke, ta tsinke a lokacin. Wajen guga ka ja ta ta miƙe sosai, amma ba ja na kokawa ba. In ta yi sako-sako za ta naɗe bakin ta dakusar da shi, in kuma ka ja da iya ƙarfinka hannun zai gaji ya fara rawa.

Na san abin da ke ruɗar masu koyo: sun ga wanzami a kasuwa yana guga fat-fat-fat, ido bai ma kan fatar, yana hira da mutane. Wannan saurin shekaru ne suka kawo shi, kuma bai ƙara wa aska kaifi ko kaɗan ba. Wanda ya yi a hankali da wanda ya yi da sauri baki ɗaya suke samu. Zuwa da dawowa 30 zuwa 50 sun isa kafin aski, ka yi kowanne a natse kana kallo. Ni dai da za ka ji shawarata, ka ajiye askar na kwana biyu ko uku, ka ɗauki wuƙar cin abinci marar kaifi ka yi ta koyon mirginawar nan da ita har yatsunka su saba. Abin da ya fi wannan ma, ka sauke fatar daga rataya ka shimfiɗa ta a gefen tebur, ko ka manna ta a kan katako mai santsi. Da haka hannun hagu ya fita daga hanya gaba ɗaya, fatar kuma ba ta da damar lanƙwasuwa. Babu kunya a ciki, akwai ƙwararrun da a kan katako suke guga har abada.

Bakin aska tsawonsa kusan inci 3 ne. In fatarka ta kai faɗin haka, kai tsaye za ka riƙa tafiya. In inci 2 ce ko 2 da rabi, dole ka riƙa ja a karkace don duk bakin ya samu, kuma a nan ne tsinin aska kan zame ya faɗa gefe. Mai koyo ya nemi mai faɗi in da hali. Saran da ka yi wa taka kuwa, kada ka ci gaba da guga a kansu, don aska tana tuntuɓe a wurin. Ƙananan ka goge su da samfefa mai laushi har su baje. Wanda ya ɗaga leɓe ka sa ɗan gam ka danne shi ya bushe, sannan ka goge. In saran ya kusa raba ta biyu, ta gama aiki. A lokacin hunturu fata kan bushe ta kumbura a tsakiya ko ta naɗe ta gefe, sai ka riƙa murza ta da tafin hannu har ta ɗumama kafin ka fara, aska tana rufe a ajiye. Maiƙon hannunka yakan isa. In ka tuttula mata mai, sai ta riƙa kama aska tana riƙe ta, kai kuma ka fara turawa da ƙarfi.

Za ka ga wasu tsofaffin wanzamai suna ƙarasa guga a tafin hannunsu, ko su share kumfa a bayan hannu. Ana yi, kuma na san waɗanda suka tsufa suna yi. Amma ban yarda ka koya ba. A wajen nan da tafi ya haɗu da wuyan hannu, jijiyoyin da ke motsa yatsu da masu kai musu ji suna kusa da fata ƙwarai, kuskure guda a nan ba irin na yatsa ba ne. Ga mai yi wa jama'a aski kuma haramun ne a wurina, don askar da ta taɓa jinin wani ce kake gogawa a jikinka.

Haka gwada kaifi da yatsa. Mutum ya gama guga sai ya ja babban yatsa a kan baki ya ji ko ta yi. Wannan ita ce zamewar da na faɗa maka, da hannunka ka yi wa kanka. In kana son sani, ɗora ta a hankali a kan gashin damtsenka. In tana tsinke gashi ba tare da ka danna ba, ta yi. In sai ka kankare, ba ta yi ba, kuma kada ka kai ta fuska, don aska dakusassa ta fi mai kaifi jawo rauni: tana jan gashi, kai kuma kana ƙara ƙarfi, sai ta ƙwace.

Buɗewa da rufewa, da hannu biyu ake yi, kuma a busasshen hannu. Ka riƙe kuben, wato mariƙin da baki ke naɗewa ya shiga ciki, da hagu, ka danna 'yar wutsiyar nan da ke bayan ƙusar da ta haɗa ƙarfe da kube, baki ya fito, ka kama wuyan ƙarfen ka buɗe. Wajen rufewa ka duba kada wani yatsa ya kwanta a bakin ramin da aska za ta shiga, ka raka ta a hankali har ta zauna, kada ka sake ta ta faɗa da kanta. In ƙusar da ta haɗa ƙarfe da kube ta yi sako-sako har aska tana lilo, a ɗaure ta kafin a sake aiki da ita, ɗan bugu kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma a kan ƙusar yana isa. Aska mai lilo tana iya rufowa a kan yatsunka kana tsakiyar aski. Riƙon da aka saba shi ne ka buɗe ta har kuben ya tashi sama, babban yatsa a ƙarƙashin wuyan ƙarfe, yatsu uku a samansa, ƙaramin yatsa a kan wutsiya, kuben ya fito ta tsakanin ƙaramin da na kusa da shi. Ka lura da babban yatsan nan, don yana kusa da gindin baki. In sabulu ya sa ya zame gaba, gindin bakin ne zai tare shi.

Da ka zo aski, aikin hannun hagu shi ne jan fatar fuska ta miƙe. Ka ja daga bayan aska, wato daga inda ta fito, ba daga inda za ta ba. In kana sauka daga saje zuwa haɓa, hannun hagu yana sama wajen kunne, ya zagayo ta kan kai in ya cancanta, yana ja sama. Kada ya zauna a muƙamuƙi yana jiran aska ta iso. Wurin da ake yawan karya wannan doka shi ne gashin baki da haɓa, inda wuri ya ƙuntata, yatsu suna cunkushe. A nan ka yi amfani da fuskar kanta: ka tura harshe, ka cika kunci da iska, ka ja leɓe a kan haƙori, ka ɗaga kai don wuya ya miƙe. Yatsun da suka jiƙe da kumfa ba sa kama fata, sai su zame, kuma inda suke zamewa wajen aska ne. Ka ajiye tawul a kafaɗa kana goge su, ko ka shafa musu alif, yana sa su kama ko da fuska na da santsi. Aska ta kwanta kamar digiri 30 ko ƙasa, wato tsakanin bayanta da fata bai wuce kaurin bayan sau biyu ba. Ja gajere-gajere, kada ka ɗora ta ka tsaya kana tunani, kada kuma ka gyara mata zama tana kan fata. Ɗaga ta tukuna. Madubi ma yana ruɗi a farko, hagu ya zama dama, don haka in za ka sauya hannu ko ka ƙetara zuwa ɗaya kuncin, janye askar nesa da fuska, ka gyara riƙo kana kallon hannunka kai tsaye, sannan ka dawo.

Share kumfa daga aska ya yanke mutane da yawa. Kada ka naɗe tawul a hannu ka damƙi bakin ka ja, tawul ba ya tare aska. Shimfiɗa shi a kan tebur, ka goga ta a kai, baya a gaba kamar dai a fata. In da ruwa kake ɗaurayewa, kiyaye kada baki ya bugi famfo ko bakin kwano, ɗan giɓin da zai yi shi ne zai riƙa karce ka gobe.

In ta suɓuce, bar ta ta faɗi. Janye hannu, janye ƙafa, ja da baya. Hannu da kansa yake kai cafka kafin tunani ya zo, shi ya sa sai ka riƙa faɗa wa kanka wannan tun kafin ranar ta zo. Wanda ke zaune kuma cinyoyinsa ne ke haɗuwa su tare, wannan ma a guje shi, a buɗe ƙafa. Na taɓa ganin wani yaro mai koyo ya cafke aska a iska, ta ratsa gindin yatsu biyu, har yau ɗaya ba ya naɗewa. Askar da ya so ya ceta kuɗinta bai kai na ɗinkin ba. Kada ka yi aski ba takalmi. In an kira ka, ko waya ta yi ƙara, ko yaro ya shigo da gudu, rufe aska ka ajiye sannan ka waiwaya. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ɗaga ta daga fata kai tsaye, ka tsaya a haka har ka samu haske. Kada ka taɓa ajiye ta a buɗe a ƙarƙashin tawul ko cikin kwanon kumfa inda ba a ganinta. Askar maƙera irin tamu ta gargajiya ba ta da kube, don haka kowacce da gurbinta a zabira, baki a ciki, kuma ba a zura hannu a zabira ana lalube, buɗe ta ake yi a duba.

Washi a dutse ba kullum ba ne, in kana guga yadda ya kamata sai ka yi watanni ba ka bukace shi ba. In lokacin ya zo, ajiye dutsen a kan jiƙaƙƙen tsumma a tebur don kada ya gusa. Masu riƙe ƙaramin dutse a tafin hannu su tabbata kan yatsunsu yana ƙasa da saman dutsen, domin a nan baki ne ke gaba, kuma duk yatsan da ya leƙo sama za a fere shi.

Tunda ka ce kana son yi wa wasu, za ka ƙare da askar nan da ake sa wa rabin reza, wadda ke shagunan aski yanzu. Rauninta na daban ne. Ka karya rezar tana cikin takardarta, ka lanƙwasa ta a tsawonta har ta ɓalle, sannan ka buɗe. Ka kama rabin ta gefen da aka karya ko ta ƙarshensa biyu, ba ta baki ba. Wajen zura ta kada ka tura da kan yatsa a saitin kaifi, wajen cirewa kuma kada ka yi da jiƙaƙƙen hannu. Kusurwoyin reza sun fi na aska tsini, su ne ke tsaga. Wadda aka gama da ita a jefa cikin gwangwani mai ƙaramar kafa a murfi, ba cikin kwandon shara ba inda mai kwashewa ko yara za su sa hannu.

Ba ka faɗa mini irin askar da ka saya ba. Ga mai koyo, wadda kanta ke da zagaye ta fi mai kusurwa, don kusurwar ce ke caka kunne da yatsa. Faɗin 5/8 na inci ya fi sauƙin sarrafawa. Garuruwan da aka sani da wannan ƙira su ne Solingen a Jamus, Sheffield a Ingila da Thiers a Faransa, kuma har yanzu kamfanoni irin su Dovo da Thiers-Issard suna yi. Ba lallai sai tasu ba, amma akwai masu arha da ƙarfensu ba ya riƙe kaifi ko me ka yi musu. In taka ta ƙi tsinke gashin damtse bayan wanda ya iya ya wasa ta, canza ta.

Yanzu in tsautsayi ya faru. Ajiye aska, ɗauki tsumma mai tsabta ka danne wurin da ƙarfi, ka ɗaga hannun sama da ƙirji, ka riƙe minti 10 cur ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. In jini ya ratso, ƙara wani tsumman a kai. Cire zobe tun yatsa bai kumbura ba. Da jini ya tsaya, wanke da ruwa mai tsabta sosai, ka rufe da filasta ko bandeji. Don Allah kada ka zuba toka, ko ƙasa, ko fetur, ko man birki, ko man goge baki. Suna ƙona nama, suna shigar da datti, likita kuma sai ya kankare su kafin ya yi ɗinki. Kada ka ɗaure gindin yatsa da roba ka bar shi, yatsa yana mutuwa a haka. Alif na ƙananan karce ne a fuska, ba na yanka mai zurfi ba.

A tafi asibiti in jini ya ƙi tsayawa bayan an danne, ko yana tsartuwa, ko raunin ya wangame, ko ana hango wani abu fari a ciki, ko ya ratsa kan gaɓa. Sai kuma abin da na sa ka duba da farko. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsa suna bin cikinsa ta wajen tafi, masu miƙar da shi suna bin bayansa dab da fata, masu kai ji kuma suna bin gefe biyu. Aska na iya tsinke ɗaya ta bar ɗan ƙaramin rauni a waje wanda zai rufe cikin kwana kaɗan, mutum ya ɗauka ya warke. Jijiyar motsi in ta tsinke ba ta haɗuwa da kanta, ƙarshenta ja da baya yake yi, kuma gyaranta ya fi kyau a kwanakin farko. In aka bari makonni suka wuce aikin ya yi wuya. Ɗinkin fata ma an fi son a yi shi cikin 'yan awanni. In kan yatsa ya cire, a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi. Ka tambayi allurar tetanus: in ka wuce shekara 10 ba a yi maka ba, ko shekara 5 in raunin mai zurfi ne ko mai datti, ana sabuntawa. Bayan kwana biyu ko uku in ka ga wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zogi ko yana ruwa, koma a duba. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin kada su raina ko ƙaramin yanka, wanda hannunsa ke rawa kuma ni ba na ba shi shawarar aska.

Ranar da ka fara yi wa wasu, yankan hannunka ya tashi daga ciwo kawai ya zama ƙofar shigar cuta. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, kuma ƙwayar tana iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe har kwana 7 ko fiye. Saboda haka kafin ka taɓa kan kowa, je a gwada ka, in ba ka da ita a yi maka rigakafi. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Kowane mutum da sabuwar rezarsa, a buɗe ta a gabansa. Duk wani rauni ko faso da ke hannunka, musamman na hunturu, ka rufe shi da filasta, ka sa safar hannu in akwai jini. In askar da ta riga ta yanki wani ta yanke ka, wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu, ka je asibiti a ranar ka faɗa musu yadda aka yi. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake bayarwa bayan irin wannan, amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Na ciwon hanta ma akwai abin da ake yi a kwanakin farko, don haka ka tafi da katin rigakafinka su gani.